Labarin Wadda Aka Yi wa Fyaɗe a Ajin Adabi: Nazari kan Dacewarsa da Ɗaliban Hausa a Jalingo

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da kan taso duk lokacin da aka zauna zaɓen littattafan adabi domin manhajar Hausa, akwai wadda akan yi saurin tsallakewa saboda nauyinta a baki. Tambayar ita ce: shin ya dace a ba ɗalibin sakandare littafin da marubuciyarsa ta ba da labarin yadda aka yi mata fyaɗe da yadda ta rayu bayan haka? Wannan takarda za ta auna tambayar da littattafai biyu, tare da la'akari da irin ajin da malamin Hausa kan tarar a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Na farko shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu (1990), wanda ƙagaggen labari ne, amma ya tsiro daga rayuwar marubuciyar. Na biyu kuwa shi ne I Know Why the Caged Bird Sings na Maya Angelou (1969), tarihin kai ne tsantsa, kuma yana daga cikin littattafan da aka fi jayayya a kan shigar da su makarantu a Amurka.

Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, kasancewar fyaɗe a cikin littafi bai isa ya zama hujjar karɓarsa ko ta jefar da shi ba. Abin dubawa shi ne ta idon wa aka nuna abin da ya faru, da kuma irin kalmomin da littafin ya bar wa ɗalibi a baki bayan ya rufe shi.

2.0 Tushen Muhawarar

Tsoron abin da 'yan makaranta ke karantawa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙone littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, bisa zargin suna gurɓata tarbiyya. A watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC mai tsara manhaja da ta cire darussan da suka shafi jima'i daga manhajar makarantu. A 2023 kuma gwamnatin Kano ta haramta amfani da wasu littattafan koyon karatu, ciki har da Queen Primer, saboda kalmomin da aka ga ba su dace da yara ba. Duk mai tsara manhaja da ya yi watsi da wannan damuwa ta iyaye, to littafinsa zai tsaya a kan takarda ne kawai, domin shugabar makaranta ba za ta bari ya shiga aji ba, in ma ya shiga uba zai zo ya fitar da shi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai alƙaluman da ba a iya kawar da kai daga gare su. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF kan cin zarafin yara ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin 4, da yaro ɗaya cikin 10, sun fuskanci wani nau'in cin zarafi ta fuskar jima'i kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. A watan Fabrairu na 2019 matan Arewa suka fara ba da labarin kansu a fili ƙarƙashin taken ArewaMeToo, sannan a watan Yuni na 2020 gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Ma'anar wannan ga malamin adabi a sarari take. Idan ya tsaya gaban aji mai 'yan mata arba'in, da wuya a ce babu wadda labarin ya riga ya iso gare ta ta hanyar da ta fi littafi muni. Ke nan zancen kare ɗalibai daga sanin abin ya zo a makare ga wasunsu.

3.0 Littattafan Biyu

3.1 Wa Zai Auri Jahila?

Tarihin kai na mata bai yi yawa ba a rubutaccen adabin Hausa. Fitaccen misalin da akan kawo, wato labarin Baba ta Karo wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, da Ingilishi ya fara fitowa, kuma bayan rasuwar mai labarin. Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Macen da ta rubuta sunanta a bangon littafi ta ce ga abin da aka yi mata, ta jawo magana ga iyayenta da 'ya'yanta da ƙannenta da ba su yi aure ba. Saboda haka marubuta mata sukan sanya wa labarin kansu rigar ƙagaggen labari, su ba tauraruwar wani suna, su faɗi abin da za su faɗa. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, ta sha faɗa a hirarrakinta cewa an cire ta daga makarantar firamare aka yi mata aure tana da ƙuruciya, auren bai yi ƙarko ba, kuma daga baya ta koma neman ilimi da kanta. Wannan ne ya sa littafin nata ya zama mafi kusa da abin da muke nema a Hausa, ko da yake ba daidai ba ne malami ya gaya wa ɗalibai cewa duk abin da ya sami tauraruwar ya sami marubuciyar.

Labarin na Abu ne, yarinya 'yar shekara 13 mai son karatu, wadda mahaifinta Malam Garba ya cire daga makaranta. Amadu, ɗan'uwanta da aka tsara za ta aura, ya ƙi ta saboda a ganinsa jahila ce. Uban ya huce haushinsa ta hanyar ba da ita ga Sarkin Noma, mutum mai shekara 52, wanda ya auka mata da ƙarfin tsiya. Mafitarta ta zo ne ta hannun gwaggonta Hajiya Kumatu, da kuma komawa karatu.

Ƙarfin littafin yana cikin wurin da marubuciyar ta ajiye mai karatu a daren da abin ya faru. Tare da Abu yake, cikin tsoronta da zafin da ta ji. Babu wata jimla da aka gina don ta motsa sha'awa, kuma a nan ne ya bambanta da rubutun batsa, wanda kan tsaya a idon mai aikatawa ya mai da jikin mace abin kallo. Wani abin yabo kuma shi ne marubuciyar ba ta fita daga cikin al'ummarta ta yi jifa ba. Hujjojin da aka kafa a kan Malam Garba daga cikin addini da zumunci aka ɗauko su, wato haƙƙin 'ya a kan uba, da neman yardarta, da wajibcin ilimi. Ɗalibar da ta karanta ba za ta fita da tunanin cewa sai ta bar gidansu da addininta kafin ta ce an zalunce ta ba.

Sai dai littafin yana da rauni biyu ta fuskar koyarwa. Na farko, an zana Sarkin Noma a matsayin mutum abin ƙyama tun daga kamanninsa, ta yadda mai karatu zai tsane shi kafin ya aikata komai. Wannan ya yi wa labarin amfani, amma yana iya barin yarinya da zaton cewa haɗari kullum da mummunar fuska yake zuwa, alhali binciken 2014 ya nuna akasarin masu aikata wannan ta'asa mutane ne da yaran suka sani. Na biyu, yadda Abu ta yi zurfi a karatu har waɗanda suka raina ta suka ji kunya ya yi daɗi ƙwarai, har ya so ya yi yawa. Ba kowace Abu ke da Hajiya Kumatu ba. Malamin da ya bar ɗalibai a kan cewa takardar shaida tana goge abin da aka yi wa mutum, ya rage wa littafin nauyi.

3.2 Tarihin Maya Angelou

An haifi Maya Angelou a 1928, ta rasu a 2014. A littafin nata ta ba da labarin tashinta a hannun kakarta a garin Stamps na Jihar Arkansas, cikin zamanin wariyar launin fata. Tana da shekara 8, lokacin da take zaune wurin mahaifiyarta a St. Louis, mutumin da uwar ke tare da shi, mai suna Freeman, ya yi mata fyaɗe, ya kuma yi barazanar kashe yayanta Bailey idan ta faɗa. Magana ta fito, aka je kotu, aka same shi da laifi, amma bai zauna a kurkuku ba, kuma ba da jimawa ba aka tsinci gawarsa. Yarinyar ta ɗauka cewa bakinta ne ya kashe mutum, sai ta daina magana da kowa in ban da yayan nata, har na kusan shekara 5. Wata mata mai suna Bertha Flowers ce ta jawo ta daga wannan shiru, ta hanyar ba ta littattafai da nuna mata cewa rubutu yana bukatar muryar mutum kafin ya cika.

A nan ne tarihin kai ya yi abin da ƙagaggen labarin Balaraba bai yi ba. Freeman ba dodo ba ne a idon yarinyar. Mutumin gida ne, kuma marubuciyar ba ta ɓoye cewa tun farko, saboda kewar uba, ta ɗauki kusantar da yake yi mata a matsayin ƙauna ba. Wannan ruɗani, da jin cewa ita ma tana da laifi, shi ne abin da ya fi hana yara magana, kuma da wuya a sami littafin da ya fayyace shi kamar wannan. Fyaɗen kansa bai wuce 'yan sakin layi ba a littafi mai babi 36. Abin da ya biyo baya, wato shirun da yadda aka fita daga cikinsa, shi ne ya ɗauki fili.

Duk da haka iyaye a Amurka ba su bar shi ya huta ba. A jerin littattafai 100 da aka fi kai ƙara a kansu tsakanin 1990 da 1999, wanda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fitar, shi ne na 3. Mu lura, ba babin fyaɗen kaɗai ake ƙorafi a kai ba. A ƙarshen littafin marubuciyar ta ba da labarin yadda, tana budurwa, ta nemi wani saurayi da kanta, ta yi ciki ba aure, ta haifi ɗa. Ta faɗi wannan ba tare da nadama irin wadda mai karatu na nan zai sa ran gani ba. A ganina wannan kashi na ƙarshe ba zai wuce a sakandaren Jalingo ba, ko wurin iyaye Musulmi ko Kirista, kuma babu amfanin a yi kamar zai wuce. Abin da za a iya amfana da shi shi ne zaɓaɓɓun babuka cikin fassara, daga zaman St. Louis zuwa haɗuwa da Bertha Flowers.

4.0 Matsalar Kalmomi

Tun da manhajar harshe muke magana a kai, wajibi ne a tsaya a kan abin da Hausa kanta ke yi da wannan al'amari. Bahaushe yana da kunya, kuma kunya ta haifar masa da sakaya zance. Akan ce “ya ɓata ta”, ko “ya lalata ta”, ko “ya yi mata aika-aika”, ko “ya keta mata haddi”, jaridu kuma sukan ce “ya haike mata”. Waɗannan ba ɗaya suke ba. Idan aka ce ya ɓata ta ko ya lalata ta, aikin nasa ne amma sakamakon ya sauka a kanta, domin daga waɗannan aikatau ne ake samun ɓatacciya da lalatacciya. Jimlar ta ƙare, shi ya tafi abinsa, ita kuma an bar ta da sifa. Keta haddi kuwa ya ajiye laifin inda ya dace, wato a kan wanda ya tsallake iyaka. Ita kalmar fyaɗe, wadda ke da dangantaka da fyaɗawa, aikin ƙarfi take nunawa, ba ta ce komai game da darajar wadda aka yi wa ba.

Yarinyar da ba ta taɓa jin an ambaci abin ba sai da lafazin ɓatawa, idan ya same ta, to faɗarsa daidai yake da ta tsaya gaban uwarta ta ce ni ɓatacciya ce. Wace yarinya ce za ta yi haka? Babban amfanin labarin da aka bayar da bakin wadda abin ya sama shi ne yana sauya mai magana. Wakilin suna ya tashi daga “ita” ya koma “ni”, kuma wadda ke cewa “ni” ɗin ta girma, ta rubuta littafi, ana karanta ta a aji da girmamawa. Ɗalibi namiji ma yana da rabonsa a nan, domin wataƙila wannan ne karo na farko da zai ji labarin daga ɓangaren da ba a ba shi a majalisar samari.

Masu cewa irin wannan magana ta saɓa wa tarbiyyarmu suna bukatar su sake duba abin da yaranmu ke karantawa tun da daɗewa. Yaron Islamiyya yana karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, inda ake bayanin janaba da haila da wanka ba tare da kewaye-kewaye ba. Yana haddace Suratu Yusuf, wadda ta ƙunshi labarin yaron gida da matar maigidansa ta nema, ya ƙi, aka juya laifin kansa aka ɗaure shi. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Ɗan'uwansa Kirista yana da labarin Amnon da Tamar a babi na 13 na littafin Sama'ila na Biyu, inda ɗan sarki ya yi wa 'yar'uwarsa fyaɗe, aka ce mata ta yi shiru. A adabin makaranta ma, Uwar Gulma na Mohammed Sada ya daɗe yana nuna wa ɗalibai azabar da Halima ta sha a hannun Hayatu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya nuna musu satar yaro da cinikin bayi. Ba a ce ko ɗaya daga cikinsu ya lalata kowa ba.

5.0 Ajin Jalingo

Jalingo ba Kano ba ce, kuma wannan ya shafi hukuncin. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a 1991, garin ya cika da mutane daga kowane sashe na jihar. A aji guda a Sabon Gari ko Magami ko Mayo Gwoi za a sami Mumuye da Fulani da Kona da Jukun da Hausawa, Musulmi da Kirista. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da filin wasa, amma ga da yawansu harshe na biyu ce. Shirin ilimi kyauta a firamare da sakandare da Gwamna Agbu Kefas ya ayyana a 2023 ya ƙara buɗe ƙofa ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda su ne labarin cire yarinya daga makaranta ya fi kusa da su.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan. Ɗalibin da Hausa ba harshen gidansu ba ce yakan san ma'anar kalma ta zahiri, amma sakayawa takan wuce shi, ko kuma ya furta kalma mai nauyi a inda ɗan asalin harshe zai kauce mata, aji ya fashe da dariya. Dariya a wannan darasi guba ce ga yarinyar da ke zaune shiru a layin baya. Don haka darasin kalmomin da aka yi bayani a sama ya kamata ya riga karatun babin. Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Labarin Abu a gidan malamin Musulmi Bahaushe ya faru. A ajin da ya haɗa addinai da ƙabilu, a jihar da ta ɗanɗani rikicin ƙabilanci, yana da sauƙi darasin ya juye ya zama “haka kuke yi wa 'ya'yanku”. Haɗa shi da babukan Angelou, waɗanda suka faru a gidan Kirista a wata nahiya, yana toshe wannan ƙofa tun kafin a buɗe ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin karanta su tare.

Akwai kuma tambayar da lalle wani ɗalibi mai kaifin basira zai yi: ai Sarkin Noma mijinta ne, yaya za a kira abin fyaɗe? Kada malami ya yi fushi, domin tambayar tana da tushe. Sashe na 282 na kundin Final Kod da aka gada daga tsohuwar Jihar Arewa bai ɗauki saduwar miji da matarsa da ta balaga a matsayin fyaɗe ba, ita kuma dokar tarayya ta haƙƙin yara ta 2003 ta haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Ajin adabi ba kotu ba ne, ba kuma zauren fatawa ba. Abin da malami zai yi shi ne ya mai da ɗalibin ga matanin: me marubuciyar ta nuna ya sami jikin Abu da hankalinta, kuma wane suna ɗalibin zai ba wannan in ƙanwarsa ce?

6.0 Matakin da Ya Dace

Bisa abin da ya gabata, wannan nazari bai ga dacewar ɗayan littattafan biyu da ƙaramar sakandare ba. Shekarun ɗaliban sun yi daidai da na Abu, kuma suna bukatar a koya musu kare kai, amma wannan aikin wani darasi ne mai harshe mafi sauƙi. Wa Zai Auri Jahila? ya dace da aji biyu da aji uku na babbar sakandare, bayan an yi masa bugun makaranta da aka daidaita ƙa'idojin rubutunsa, tare da izinin marubuciyar, ba tare da an cire daren Abu ba, domin in an cire shi sauran labarin ya zama na yarinyar da ta yi wa ubanta taurin kai kawai. Cikakken littafin Angelou kuwa a bar shi ga manyan makarantu irin su Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Ilimi ta Zing, musamman ga masu shirin zama malamai.

Sharuɗɗan koyarwar sun fi zaɓen littafin muhimmanci. A sanar da iyaye ta hanyar ƙungiyar iyaye da malamai tun farkon zango, a ba su littafin su gani. Babin da abin ya faru kowa ya karanta shi a zuci, kada a tsayar da ɗaliba ta karanta da ƙarfi, kada kuma a mai da shi wasan kwaikwayo. Wadda ta nemi fita a bar ta ta fita ba tare da tambaya ba. Kafin a fara, makaranta ta tanadi malama mace da ɗalibai suka amince da ita, wadda ta san hanyar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo da ofishin jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Harkokin Mata, domin littafin da ya yi aikinsa zai sa wata ta zo ta yi magana, kuma makarantar da ba ta shirya jin maganar ba gara ta dakata da littafin.

Ta fuskar jarrabawa, a tsaya ga jigo da salo da zubi da halayen taurari. Tambayar insha'i irin ta “ba da labarin wani mummunan abu da ya taɓa faruwa gare ki”, wadda malamai kan so bayan irin wannan karatu, a hana ta gaba ɗaya, saboda takardar amsa tana bi ta hannun mutane da yawa kafin ta dawo ga mai ita.